Ƙiba a Shekarar Fari

"Gobe da safe za a mayar musu da kayan gaisuwarsu."

Alhaji Bawa ya faɗi maganar ba tare da ya dubi ɗiyarsa ba. Yana zaune kan darduma a falon gidansa na unguwar Lazaret a Yamai, ko hular da ya je masallacin Juma'a da ita bai cire ba. Ƙanwarsa Gwaggo Mariama, wadda ke riƙe da gidan tun rasuwar matarsa, tana gefe tana fifita da faifai, don an ɗauke wuta tun hantsi.

Hadizatu ta durƙusa a bakin ƙofa. Shekarunta ashirin da shida, malama ce a lakwal, makarantar boko, tana iya sa yara sittin su yi tsit da kallo ɗaya. Amma a gaban mahaifinta muryarta ba ta cika fita ba.

"Baba, mi Idrisa ya yi?"

"Ai kin gan shi yau."

Ta gan shi. Idrisa ya zo gaisuwa bayan masallaci, aka tsayar da shi cin abinci tare da maza. Ta leƙo ta taga ta hange shi, kansa a sunkuye, zufa na ɗiga daga haɓarsa, hannunsa na kai da komo tsakanin kwano da baki kamar ana korarsa.

"Malmala biyar," in ji Gwaggo Mariama. "Ni na ƙirga da idona. Manya sun wanke hannu, shi yana suɗe kwano."

"A gaban kawunki," in ji Alhaji. "Mutumin da ya zo daga Dakoro shekaranjiya, shanunsa duk sun mutu, iyalinsa ɗiyan anza masu ɗaci suke tsinkowa a daji su jiƙa su ci. Yana zaune yana kallon wanda zan ba ɗiyata."

"Baba, cin abinci ba laifi ba ne."

"Ba maganar tuwona nake ba, Hadiza." Sai a lokacin ya ɗago kai. "Bara da yaron nan ya fara zuwa gidan nan, iska ma tana iya ɗaukarsa. Aka ba shi makullin ma'ajiyar hatsin agaji, cikin wata goma ya zama haka. Damina ta ƙi, mutane suna tonon gidan tururuwa, shi kuma rigarsa tana yagewa a hammata. Kin san sunan da ake kiransa da shi a kasuwa?"

Ta sani. Buhun Agaji. Ta ji shi har a bakin malaman lakwal ɗinsu.

"Sojojin nan da suka karɓi mulki ba wasa suke da maganar hatsi ba. Ba zan ɗaura miki aure yau, gobe ki riƙa kai abinci gidan kaso ba. Ko ba su kama shi ba ma, ni ba na haɗa jini da wanda ya ci rabon mayunwata."

"Wallahi Baba bai taɓa ɗaukar ƙwaya ɗaya ba."

"To mi ya kumbura shi?"

Amsar tana kan harshenta, amma ta riga ta yi rantsuwa a kanta.

Gwaggo Mariama ta ajiye faifai. "Ga Kaftin Sumana, sau uku yana aiko manyansa. Mutum a tsaye, ga ladabi, ga asali. Ke kin tsaya kan wanda ko sunkuyawa ya ɗaure takalmi ba ya iyawa."

"Ba na yi miki dole a kan Sumana," in ji Alhaji. "Ke ba yarinya ba ce. Amma wancan kam, ba da bakina ba. Tashi ki tafi."

Ta tashi. Sai da ta shiga ɗakinta ta rufe ƙofa kukan ya zo.

Wata goma sha huɗu ke nan da Idrisa ya gaya mata gaskiya, kafin ma ya aiko kowa gidansu. Ya ce yana shekarar ƙarshe a jami'a ya fara jin muryoyi. Mutum biyu ne, namiji da mace, suna maganarsa kamar ba ya wurin. Sun ce ana binsa, sun ce an sa masa abu a ruwa. Likitoci suka ce sunan ciwon sikizofireniya. Maganin farko ya rage muryoyin amma ya sa hannunsa rawa, wuyansa ya riƙa sanƙarewa. Da aka canja masa zuwa wani sabo, muryoyin suka yi shiru gaba ɗaya. Ya sami aiki, ya sami barci, ya dawo da dariyarsa.

Sai yunwa ta zo a madadinsu.

Ranar da ya gaya mata ɗin, ya ce, "In za ki tafi, ki tafi yanzu, ba zan riƙe ki a zuciya ba. In kuma za ki zauna, ki rantse ba mai jin wannan daga bakinki." Ta rantse, ta zauna.

* * *

Ranar Litinin ta nemi izini a lakwal ta raka shi wurin likitarsa, a wani ƙaramin kilinik da ke unguwar Plateau. An riga an mayar da kayan gaisuwar gidan su Idrisa a unguwar Kirkissoye. Bai yi mata maganarsu ba a cikin taksi, ita ma ba ta tayar ba.

Likita Halimatou mace ce mai kimanin shekara hamsin, ba ta da yawan murmushi. Ta sa shi ya hau sikeli, ta zagaya ƙugunsa da awo, ta daɗe tana duban takardar gwajin jininsa.

"Kilo casa'in da takwas. Da muka fara wannan maganin sittin da biyar kake. Sukarin jininka ya hau, kitsen jini ma haka. Ba ka kai ga ciwon sukari ba tukuna, amma kana bakin ƙofa."

"Madam, ina ƙoƙari," in ji Idrisa. "Wallahi ina yi. Sai in ci in ga cikina ya cika har yana ciwo, amma kamar ban sa komai a baki ba."

"Na sani. Ba kwaɗayi ba ne, kuma ba rashin tarbiyya ba ne." Ta juya wajen Hadizatu. "Ke ma ki saurara, tunda ke za ki zauna da shi. Jikin mutum yana da ƴan aike a cikin jini. Ɗaya daga tumbi yake fitowa, ya je ya gaya wa ƙwaƙwalwa ana jin yunwa. Wani daga kitsen jiki yake fitowa, ya ce akwai ajiya, a dakata. Maganin nan yana kwantar da muryoyin da yake ji, amma yana sa ƙwaƙwalwa ta yi wa saƙon ƙoshi kunnen ƙashi. Kitsen yana ƙaruwa, saƙon yana ƙaruwa, ba mai karɓa. Kuma ko da bai ci da yawa ba, maganin yana taɓa yadda jiki ke sarrafa sukari."

"To a daina shi," in ji Idrisa.

"A'a."

"Wata ɗaya kawai, Madam. In ɗan faɗa."

"In ka yanke shi rana ɗaya, abin da ya tafi zai dawo, wataƙila ya fi na da. Akwai wani magani da ba ya buɗe ciki haka. Babu shi a farmasin garin nan yanzu, na sa a kawo, sai nan da mako biyar ko shida. In ya zo za mu riƙa rage wannan muna ƙara wancan, a hankali. Kafin nan ga ƙwayar da za ta taimaka wa sukarin. Ka bar lemun kwalba da fanke. Ka taka daga gida zuwa gada kullum da asuba ta yi haske."

"Mako shida," ya ce, yana kallon ƙasa.

"Ka jure shekara uku, Idrisa. Mako shida ba zai gagare ka ba."

Da suka fito, rana ta take. Suka tsaya ƙarƙashin wata dalbejiya kusa da katangar wata ma'aikata. Motar sojoji ta wuce a hankali.

"Yaya Idrisa, ka sake ni daga rantsuwar nan."

"A'a."

"Baba ba mugu ba ne. Ɓarawo yake zaton kai ne. In ya san magani ne..."

"In ya san magani ne zai tambaya maganin mi." Ya share zufa da hannun riga. "Hadiza, ɓarawo yana shiga masallaci a matsa masa a sahu. Ɓarawo yana aure. In aka bincika ba a sami komai ba, magana ta mutu. Amma ranar da aka ce mahaukaci, shi ke nan. Ko gaskiya na faɗa za a ce ciwon ne. Ko fushi na yi za a ce ya tashi."

"To in zauna ina ji ana zaginka da abin da ba ka yi ba?"

"Ni da nake ji kullum fa?" Ya juyo ya dube ta. "Kin san abin da nake gani a wurin aiki? In aka gama loda hatsi a kamyo, manyan motocin nan, mata suna zuwa da tsintsiya su share ƙasa, su tankaɗe ƙwayar da ta zube. Jiya wata ta zo da goyo, hannun yaron bai fi yatsana biyu ba. Ni kuma ina bayan buhuna, na ɓuya ina tura burodi a baki, na uku tun safe. Ta gan ni. Ta dube ni daga sama har ƙasa. Na so in bar ci, hannuna ya ƙi."

Hawaye suka zubo mata. "Ba laifinka ba ne. Ka ji abin da likita ta ce."

"Likita ba ta tsaya gaban matar nan ba. Ita da yunwarta ta gaskiya, ni da tawa ta ƙarya, kuma ni ne mai abinci."

"Ni ban damu da jikinka ba. Ko ka ninka haka ina sonka."

"Na sani. Shi ya sa nake roƙonki. Kowa a garin nan yana ganin buhu in ya dube ni. Ke kaɗai ke ganin mutum. Kar ki sa su ga abin da ya fi buhu muni."

Ta yi kuka har ɗankwalinta ya jiƙe. Bai sake ta daga rantsuwar ba.

* * *

Mako biyu suka wuce. Idrisa ya rage kiranta, in ta kira sai ya ce aiki ya yi yawa. Ranar wata Laraba da aka tashi daga lakwal, ta tarar da Kaftin Sumana a bakin ƙofa, cikin kakinsa, yana jingine da mota. Haifaffen Yamai ne, Hausarsa ta kasuwa ce, a taƙaice yake magana.

"Fofo, sannu Malama. Minti biyu nake so."

"Ina sauri, Kaftin."

"Ba maganata na kawo ba. Ta Idrisa ce. Sunansa yana cikin waɗanda kwamitinmu na binciken hatsin agaji zai kira ranar Litinin. Yau aka karɓi makulli daga hannunsa."

Ta dafa katanga. "Kai ka sa sunansa."

"Ba ni ba ne. Wasiƙa huɗu aka kawo, ba sa hannu. Kowace ta ce a dubi cikinsa." Ya cire tabarau. "Ba na ɓoye miki ina sonki. Amma ba na son in same ki ta wannan hanya. Na duba ma'ajiyarsa da kaina, ban ga ɓarna ba. Sai dai manyana suna son su nuna wa mutane fuska, kuma tasa ta dace da rediyo da talabijin. Za a tsare shi kafin a gama bincike. Mako uku, wata ɗaya, ban sani ba. In akwai bayani, a kawo shi kafin Litinin."

Ya shiga mota ya tafi.

Wata ɗaya a tsare. Ba magani, ba barci, cikin ɗaki da mutum talatin. Ta kira Idrisa sau bakwai, wayar a kashe. Ta tsaya a bakin titi tana juya abin, har mai taksi ya gaji da yi mata oda ya wuce.

Da la'asar ta sami mahaifinta a falo. Ta durƙusa, ta ajiye kwafin takardar maganin da ke jakarta tun ranar kilinik.

"Baba, na yi rantsuwa zan karya, Allah Ya yafe mini. Idrisa ba ɓarawo ba ne. Ba shi da lafiya."

Ta faɗi komai. Muryoyin, maganin farko, na biyu, ƴan aiken da ke cikin jini, sukarin da ya hau. Alhaji Bawa bai katse ta ba. Da ta gama, ya ɗauki takardar ya juya ta, ko da yake ba ya karanta Faransanci.

"Astagfirullah," ya ce a hankali. "Na ci naman yaron nan. Na zage shi a gidana, na zage shi a kasuwa. Ashe jarrabawa ce Allah Ya ɗora masa."

"To Baba..."

"Yanzu zan kira Sumana, a cire sunansa. Gobe in na fita zan gaya wa duk wanda na ɓata shi a gabansa cewa ƙarya na yi. In ana neman maganin daga waje, ina da mutane a Kwatanu, za su kawo."

"Allah Ya saka muku da alheri, Baba. Ke nan kayan gaisuwar..."

"Aure babu, Hadiza."

Ta ɗauka ba ta ji daidai ba.

"Baba, kun ce ba laifinsa ba ne."

"Ba laifinsa ba ne. Da sata ce, da sai in ce ya tuba, ya mayar da haƙƙin mutane, mu ga halinsa shekara ɗaya. Wannan fa, ina tubansa? Ke da bakinki kin ce har ya mutu yana shan magani. In ya sha, sukari ya ci shi. In ya bari, hankali ya tafi. A tsakanin nan kike so in ajiye ki?"

"Za a canja maganin. Likita ta ce mutane da yawa suna aure, suna aiki, suna haihuwa."

"Suna haihuwar mi?"

"Baba, ku ji tsoron Allah."

"Tsoronsa nake ji. Uwarki ta bar mini ke amana." Idonsa ya kaɗa, amma muryarsa ba ta sauya ba. "Zan yi masa komai. Ban da ke."

"Da na sani da na bar ku da zaton sata."

"Da kin bar shi ya kwana a kaso. Kin yi daidai, ɗiyata. Ba kowane daidai ne ke biyan mai shi ba."

Da ta juya za ta fita, ta ga labulen tsakar gida yana motsi. Gwaggo Mariama tana tsaye a bayansa, hannunta a kan baki. Kafin magariba Hadizatu ta jiyo ta a waya tana cewa, "Ke dai bari, Allah Ya tsare mu, ashe taɓin hankali ne."

* * *

Ba a kira Idrisa ranar Litinin ba. Wayarsa kuma ba ta buɗe ba. Ranar Alhamis da safe Hadizatu ta yi dambun zogale ba mai, irin wanda likita ta ce ya dace da shi, ta zuba a kwano, ta hau taksi zuwa ƙetaren kogi. Daga kan gada ta ga ruwan ya janye, yashi ya fito a tsakiya, wasu makiyaya sun tsaya da ragowar shanunsu da ƙashin haƙarƙari a waje.

Mahaifiyarsa, Inna Kadi, ita ta buɗe ƙofar gidan na Kirkissoye. Idanunta sun kumbura.

"Kin zo, ɗiyata. Kwana huɗu ke nan bai ci abin da na dafa ba. Ya ce akwai abu a ciki. Ba ya barci. Jiya na ɗaga katifarsa na tarar da ƙwayoyin, tun na ranar da kuka je kilinik."

Yana tsakar gida, a tsaye, cikin wata tsohuwar riga shuɗiya da ta daɗe ba ta gani a jikinsa ba. Kumatunsa sun ɗan faɗa, leɓɓansa sun bushe. Da ya gan ta ya yi murmushi, ya buɗe hannuwa.

"Dubi. Ta shige ni. Maɓalli biyu ne kawai suka ƙi."

"Yaya Idrisa, mi ka yi wa kanka?"

"Yunwar ta tafi, Hadiza. Kin san daɗin mutum ya wuce mai tuya bai ji komai ba? Na ce in na faɗa kafin Tabaski, babbar salla, in je in tsaya gaban Alhaji, ya ga ba hatsinsu ba ne." Murmushin ya gushe. "Amma an riga ni."

Ta ajiye kwanon a kan turmi.

"Shekaranjiya na je biro, wurin aikinmu," ya ce. "Shugabanmu ya taso ya kama hannuna biyu. Ya ce in huta, in huta sosai, ba gaggawa. Ya ce makulli nauyi ne, za a nema mini wani abu mara wahala. Masu dako da ke ce mini Buhun Agaji sun daina. Yanzu in na zo sai su matsa, su yi ƙasa da murya. Mai gadi ya ɓoye sandarsa a bayansa."

"Za su tsare ka ne. Sumana ya ce wata ɗaya, ba magani. Na kira ka, na kira, ba ka ɗauka ba."

"Sumana ya ce."

"Ba don shi na yi ba. Wallahi don kai na yi."

"Abu ɗaya na roƙe ki." Bai ɗaga murya ba. "Ban roƙe ki ki saɓa wa mahaifinki ba. Ban ce ki gudu da ni ba. Cewa na yi ki rufe baki."

"In bar ka ka lalace a kaso?"

"Ni ke da zaɓin. Ke ma kin yanke mini hukunci kamar sauran, kin ce wannan ba ya iya zaɓar wa kansa." Ya karkata kai gefe, kamar wani ya yi magana daga bayan randa. Ya ce a hankali, ba da ita ba, "Na ji. Ku bari in gama."

"Sun dawo?"

"Tun makon jiya. Su suka fara gaya mini za ki faɗa. Na ƙaryata su. Shekara uku likita tana koya mini cewa duk abin da suke faɗa ƙarya ne." Ya dube ta, idonsa cike da hawaye. "Yanzu da mi zan ƙaryata su?"

Ta durƙusa a ƙasa tana kuka. "Ka yafe mini. Ka zage ni, ka ƙi ni, na yarda. Amma ka zo mu je wurin likita. Ka dubi Inna."

Ya dubi mahaifiyarsa, wadda ke jingine da bango tana share ido da gefen zane. Ya daɗe yana kallonta. Sannan ya dubi kwanon da ke kan turmi.

"Mi ke ciki?"

"Dambu ne. Ni na yi da hannuna."

"Wa ya ba ki zogalen?"

Ta dubi kwanon, ta dube shi. Ya gyaɗa kai kamar ya sami abin da yake nema.

"Zan je," ya ce. "Ban kai inda ba na gane kaina ba tukuna. Na san hanyar nan, na san inda take ƙarewa. Zan sha abin da ta ba ni, in kumbura, in fashe. Don Inna zan je."

Hadizatu ce ta fita titi ta samo taksi. Ya zauna a gaba, ita da Inna Kadi a baya. Har suka haye gada bai waiwayo ba. Leɓɓansa suna motsi, wani lokaci ya girgiza kai.

A kilinik Likita Halimatou ta dube shi sau ɗaya ta ce sai an kwantar da shi. Ba ta yi faɗa ba. Ta ce za a mayar da shi kan tsohon maganin tukuna har ya daidaita, canjin da ake jira kuma sai an ɗage shi.

"Har yaushe?" in ji Inna Kadi.

"Wata uku, in an yi sa'a."

Wata ma'aikaciyar jinya ta fito da takarda da biro, ta tsaya a ƙofar ɗakin da aka sa shi. Ta rubuta sunan Inna Kadi a matsayin uwa. Sai ta juya ga Hadizatu.

"Dangi na kusa kaɗai ke shiga. Ke mi ce ce tasa?"

"Ni ce wadda zai..."

"Malama ce a lakwal," in ji Idrisa daga kan gado. Muryarsa a natse take, irin ta da. "Ta taimaka mana da taksi. Mun gode, Malama."

Ma'aikaciyar ta dubi Hadizatu, ta dube shi, ba ta rubuta komai ba. Ta ja ƙofar ta rufe.

Wayarta ta yi ƙara a cikin jaka. Gwaggo Mariama ce.

"Kina ina? Ki zo gida yanzu. Baffannin Kaftin suna falo da goro, babanki ya ce ba zai amsa musu ba sai ya ji daga bakinki."

Ta bayan ƙofa tana jin Inna Kadi tana lallashinsa ya karɓi ruwa, yana tambaya wa ya buɗe kwalbar.

"Hadiza, kina jina? Mi zan ce musu?"

Akwai wani dogon benci na ƙarfe a barandar, rana ta gasa rabinsa. Ta zauna a kai, ta kashe wayar, ta fuskanci ƙofar da aka rufe.